Shirin bin diddigin jita-jita a talabijin: in ba zai iya cewa “wannan gaskiya ne” ba, kada a fara shi

Duk wanda ke cikin gurup uku ko huɗu na WhatsApp a Yamai ya san irin saƙon. Murya ce ta namiji, minti huɗu ko biyar, ta fara da sallama ta ƙare da “don Allah duk wanda ya ji ya tura wa ƴan’uwa”. Yau ɗigon shan inna ne ke hana haihuwa, gobe shinkafar roba ce ta shigo kasuwar Katako, jibi jiragen da ke barin farin layi a sama ne ke korar hadari. Kafin la’asar maganar ta kai fada, ana shan shayi ana ƙara mata gishiri.

Ra’ayina shi ne tashoshinmu na talabijin su yi shirin mako-mako, da Hausa da Zabarmanci, wanda zai ɗauki irin waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya ya bi diddiginsu. Amma da sharaɗi. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na yin wannan shiri, kuma kowace daga cikinsu gara a bar ta da a yi ta.

Ta farko ita ce wadda tashoshin Amurka suka saba. Misalinta shirin da Jesse Ventura, tsohon ɗan kokawa kuma tsohon gwamnan jihar Minnesota, ya gabatar daga 2009 zuwa 2012. Ginin irin wannan shiri sananne ne: ɗaki mai duhu, kiɗa mai tada hankali, wani mai ba da labari da aka ɓoye fuskarsa, sai mai gabatarwa ya nufi ƙofar barikin soja da kyamara, mai gadi ya kore shi, a nuna korar a matsayin hujja cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Alhali mai gadin zai kori ko mai sayar da goro. A ƙarshe ba a yanke komai ba, sai tambaya: to me suke ɓoye mana? Shiri ne mai arha, mai jan ƴan kallo, kuma wanda ya zauna kallonsa da zato ɗaya zai tashi da uku.

Ta biyu tamu ce ta gida, shirin faɗakarwa. A kawo wani babban darekta da kwat, ya yi minti ashirin yana Faransanci, a fassara rabi, a rufe da “jama’a su guji jita-jita”. Kafin ya tashi daga kujera an riga an ce an biya su. Kuma masu faɗin haka ba wawaye ba ne. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ake yi ba, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin allurar rigakafin ciwon hanta a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Ladan. A 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da ke yawo a Nijar. A nan Yamai, ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama, sanarwar farko ta kira abin hatsari. Mutumin da ya ga waɗannan, ko ya ji su daga bakin iyayensa, in ka zo masa da “duk ƙarya ne”, kai ne ka fara ƙaryar.

Shi ya sa nake ganin fitowar farko ta shirin ba ta dace da ƙaryata kowa a unguwa ba. Ta dace da labarin takardun uraniyom na bogi, domin a cikinsa Nijar ce aka yi wa ƙage, manyan gwamnatoci ne suka yaɗa ƙagen, kuma bincike mai sauƙi ne ya tona shi.

A watan Oktoba 2002 wasu takardu suka faɗa hannun wata ƴar jarida a Italiya, suna nuna wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na garin uraniyom. Ranar 28 ga Janairu 2003 Shugaba George Bush ya tsaya gaban majalisar Amurka ya ce Saddam Husaini ya nemi uraniyom mai yawa daga Afirka. Da takardun suka isa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ma’aikatanta ba su daɗe ba suka ga gyambon. Wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Nassirou Sabo ne minista a lokacin. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaske ba ne. Bayan kwana 13 aka afka wa Iraƙi.

Dubi abin da wannan labari ke koya wa mai kallo ba tare da an yi masa wa’azi ba. Ana duba kwanan wata, a duba sa hannu, a tambayi wa ke kan kujerar a ranar. Sannan a yi lissafin ɗan tasha: in tirela ɗaya ta ɗauki tan 25, tan 500 tirela 20 ke nan, kuma hanyar da garin uraniyom ke bi a lokacin sananniya ce, daga Arlit zuwa Agadas, Tawa, Ƙonni, Doso, Gaya, a shiga Benin har tashar ruwan Kotonu, daga ma’adinan da kamfanin Faransa ke riƙe da ragamarsu yana ƙirga kowace ganga. Ta ina ayarin zai bi ba a gani ba? Kyamara za ta iya tsayawa a bakin titin Tawa ta yi wa tsohon direba wannan tambaya, amsarsa ta fi ta kowane ƙwararre shiga kunne. Akwai ma ƙwayar gaskiyar da aka ɗora ƙaryar a kanta, wato ziyarar da wani jakadan Iraƙi ya kawo Yamai a Fabrairu 1999. Ziyarar ta faru. Cinikin ne bai faru ba.

Aikin shirin ke nan kowane mako, sheƙe hatsi: a raba tsaba da ƙaiƙayi, a nuna wa mutane duka biyun. Saboda haka hukuncin ƙarshe bai kamata ya zama “gaskiya” ko “ƙarya” kawai ba. Hukunci huɗu ake bukata: ya tabbata, bai tabbata ba kuma ga hujjar da ta rushe shi, akwai gaskiya a ciki amma an ƙara mata, babu hujjar da ta isa a yanke. Na huɗun nan shi ya fi wuyar faɗi a gaban kyamara, domin mai gabatarwa yana jin kamar ya gaza. Amma shi ke sa a yarda da sauran ukun.

Maganar ɗigon shan inna tana cikin rukuni na uku, kuma tana bukatar fitowa biyu ko uku. A fara da Kano 1996, a faɗe shi duka, ba tare da sassautawa ba. Daga nan a zo 2003, lokacin da Kano ta dakatar da ɗigon bisa zargin yana hana haihuwa, har zuwa Yuli 2004 da ta koma da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin. Sannan a zo tambayar kanta. Ƴan matan da aka ɗiga wa maganin a ƙarshen shekarun 1990 su ne iyaye mata a yau, ana iya zama da su a tsakar gida da ƴaƴansu. Ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 11 a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17, duk cikin shekarun da ake bin gida-gida da ɗigo. A kuma nuna kwalbar kusa da kyamara: a jikin takardarta akwai da’ira mai ɗan murabba’i a tsakiya, in zafi ya taɓa maganin murabba’in yakan yi duhu, in duhunsa ya kai na da’irar an zubar da kwalbar. Uwa za ta iya cewa a nuna mata kafin a ɗiga wa ɗanta. Akwai kuma abin da masu faɗakarwa ba sa son taɓawa, kuma dole a taɓa: ƙwayar cutar da ke cikin ɗigon mai rai ce da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su karɓa ba takan daɗe tana yawo har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafar yaro. Shi ya sa ake ci gaba da zagaye ko da yake tun 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin cutar. In shirin ya ɓoye wannan, wani zai faɗe shi a saƙon murya, a karkace.

Yanzu aikin kansa. Mutum shida sun isa: edita, ƴan jarida biyu, mai kyamara, mai sauti, mai haɗa hoto. Kowace fitowa tana son mako uku, don haka sai an tara huɗu a hannu kafin a fara watsawa. In ba haka ba, zuwa mako na biyar an koma gayyatar baƙo a yi hira a tashi.

Mafi yawan jita-jitarmu da murya take tafiya, kuma murya ba ta da manhajar da za ka sa ta nemo maka asalinta kamar hoto. Sai aikin hannu. A rubuta saƙon kalma da kalma. A ja layi ƙarƙashin duk abin da za a iya zuwa a gani: sunan gari, sunan likita, yawan waɗanda aka ce sun mutu. A saurari harshen: mai maganar naira yake ƙirgawa ko jaka, Kananci yake yi ko Adaranci, “asibiti” ya ce ko “likita”. Sau da yawa daga nan ake gane cewa abin da aka ce ya faru “jiya a Harobanda” ya tsallako ne daga wata ƙasa, kuma jiyan ta shekara uku. Masu irin wannan saƙo ba sa faɗin kwanan wata, shi ya sa ba ya tsufa. A koma baya ta hannun wanda ya turo, shi ma wa ya turo masa, har inda igiyar ta tsinke. Kibiya biyu a saman saƙo alama ce ta cewa an yi ta tura shi hannu zuwa hannu sau biyar ko fiye, wanda ya ba ka shi bai san mai shi ba.

Hoto da bidiyo sun fi sauƙi. A yanko hotuna biyar ko shida daga cikin bidiyon a sa su a manhajojin neman asalin hoto, Google Lens da TinEye, a nemi wuri mafi tsufa da suka bayyana. A duba lambar mota, rubutun shaguna, kakin jami’an tsaro, ko ganye ɗanye ne alhali an ce a watan Maris aka ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da bayanan da ke ɓoye cikin hoton, na ranar ɗauka da irin salula: WhatsApp yana goge su. Sai an sami mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ko a ga salularsa da ido.

Inda talabijin ta fi rediyo shi ne gwaji a gaban ido, kuma shinkafar roba ta dace da wannan. A Disamba 2016 kwastan na Najeriya suka kama buhu 102 a Legas suka ce ta roba ce. Da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta auna, ba a sami roba ba, sai dai ƙwayoyin cuta sun gurɓata shinkafar. Ga yadda za a yi a nan. A sayi shinkafar da ake zargi a Katako ko Wadata a gaban kyamara, a ɗaure buhun a sa masa alama. A nemo ƙwayoyin roba na gaske, irin waɗanda ake narkawa a yi leda ko bokiti, a ajiye gefe. Kofi biyu na ruwa: shinkafa ta nutse, wannan irin robar ta taso sama. Tukunya biyu a wuta: shinkafa ta sha ruwa ta kumbura, roba ko ta shekara ba za ta nuna ba. A ɗiga maganin ayodin na famasi a kan dafaffiyar shinkafa, ta koma baƙi-shuɗi saboda sitacin da ke cikinta, robar ba ta sauya ba. Sannan a amsa abin da ya tsorata mutane, wato curin shinkafar da ake bugawa a ƙasa ya yi tsalle: a sa wata uwa ta mulmula tuwon shinkafar gida ta buga, shi ma zai yi. Abin da ke ɓata irin wannan gwaji guda biyu ne. In aka yanka hoton a tsakiya, za a ce a nan aka musanya, don haka a ɗauka a jere da kyamara ɗaya, ta biyu tana kusa da tukunya. In kuma ba a kawo robar gaske ba, mai kallo bai ga bambanci ba, ya ga shinkafa kawai. Sauran samfurin a kai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa, a auna, a karanta sakamakon ko mene ne ya fito, ko da ya nuna shinkafar ta lalace.

Farin layin jirgi ba ya bukatar dogon bayani. A nisan kilomita 10 zuwa 12 sanyi yakan wuce digiri 40 ƙasa da sifiri, kowane kilo na man jirgi da ya ƙone yana fitar da ruwa fiye da kilo ɗaya, tururin ya daskare nan take. In iskar saman tana da laima layin ya daɗe, in busasshiya ce ya ɓace. Masana yanayi suna nan Yamai a cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD, ba sai an nemo su daga waje ba. Amma a faɗi ɓangaren da ya tabbata: ana taɓa gajimare da gangan. Burkina Faso ta daɗe tana yi da shirinta na Saaga, Nijar ma ta yi a 2022, jirgi ya watsa sinadari cikin hadarin da ya riga ya haɗu don ya zubar da ruwa.

Wurin haɗa hoto ne shiri mai kyau ke zama guba. Duk abin da aka watsa da dare, da safe an yanka shi guntu-guntu yana yawo a salula. In mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce “ɗigon shan inna yana hana haihuwa” da niyyar ya rushe maganar bayan minti goma, daƙiƙa biyar ɗin nan kaɗai za a yanka, da tambarin tashar a kusurwa, a ce ga shi an faɗa a tele. Don haka kada ya taɓa furta zargin a cikakkiyar jimla da bakinsa. A bar ainihin saƙon ya yi magana, kada ya wuce daƙiƙa 15 ko 20 a jere, da rubutu a tsakiyar allo, ba a ƙasa inda za a datse ba, da kuma wata ƴar ƙara a ƙarƙashin muryar saboda masu tura sauti kaɗai. Tun 1977 masu nazarin halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maimaita magana kawai yana sa a ƙara jin ta kamar gaskiya, saboda haka a cikin minti 26 na shirin zargin ya fito sau biyu, ba sau goma ba. Sakamakon binciken kuma a faɗe shi a minti biyu na farko. Masu son a riƙe ƴan kallo za su ce a ɓoye shi zuwa ƙarshe. Su tuna wuta na iya ɗaukewa a minti na goma sha biyar. Tashar da kanta ta yanka guntu na minti biyu, da Hausa da Zabarmanci, ta sake shi a daren, kafin wani ya yanka mata.

Wanda ya yarda da jita-jitar a zauna da shi da mutunci, a bar shi ya kawo hujjarsa mafi ƙarfi. Malamin da ke da shakka a kan rigakafi a je zaurensa, a gaishe shi yadda ya kamata, a tambaye shi “Malam, me za a nuna maka ka gamsu?”, sannan a je a nemo abin. Talakan da ya tura saƙo kawai a rufe fuskarsa da sunansa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an maido mata da hukuncin ɗauri a 2024, kuma ba aikin shirin ba ne ya kai mai sayar da shayi gidan kaso. Wanda aka zarga, kamfani ne ko ma’aikata, a rubuta masa a ba shi mako guda ya amsa, in ya yi shiru a ce ya yi shiru, kada a mai da shirun hujja. Lauya ya kalli kowace fitowa kafin ta fita.

Sai kuɗi, kuma a nan ne nake da tsauri. Sunan duk wanda ya biya ya fito a farkon shiri, a faɗe shi da baki. Hukumar da ke aikin rigakafi ba za ta ɗauki nauyin fitowar rigakafi ba, ofishin jakadanci ba zai ɗauki nauyin fitowar da ta shafi ƙasarsa ba, ko wace ƙasa ce. Na san wannan zai rage masu ba da kuɗi da rabi. Minti ɗaya na ƙarshe kuma a ware shi don gyara: abin da aka faɗa ba daidai ba makon jiya, da sunan garin wanda ya kira ya gyara.

Saura tambayar da kowane edita a Yamai zai yi a zuciyarsa: jita-jitar da ta shafi tsaro da masu mulki fa? Ita ce ta fi yawa a salula a yanzu, kuma ita ce ta fi haɗari ga ɗan jarida. Ba zan ce wa kowa ya jefa kansa ba. Abin da nake cewa shi ne a yanke shawarar kafin fitowar farko, a kuma sanar da ita a fili. In tashar ba za ta taɓa wannan fage ba, mai gabatarwa ya ce shirin nan na lafiya ne da abinci da yanayi da tarihi, iyakarsa ke nan. Tarihin ma yana da faɗi: rahotannin ƙungiyoyin kare muhalli CRIIRAD da Greenpeace na wajen 2009 da 2010 kan tururin uraniyom a titunan garin Akokan da ƙarafan kasuwar Arlit, ko hukuncin kotun CEDEAO na 2015 da ya umarci a biya iyalan Bare diyya, duk takardunsu suna nan, kuma shaidu da yawa suna raye.